Maki 58 a darasin addinin Kirista zai hana 'yata kammala sakandare?

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki daga unguwar Bronx a birnin New York, inda muke zaune da maigidana da yaranmu huɗu. Babbar 'yarmu shekararta 16, tana aji 11 a wata sakandaren 'yan mata ta cocin Katolika. Mun kai ta can ne saboda makarantar gwamnati da aka tura ta ba ta kwanta mana ba, ga shi ta ci jarrabawar shiga sosai har suka yafe mana rabin kuɗin makaranta. A lissafi da kimiyya ba ta sauka ƙasa da 90, burinta ta karanci harhaɗa magunguna.

Makon jiya wasiƙa ta iso daga makaranta. Wai ta samu 58 a darasin addini a zangon farko, alhali makin ci a wurinsu 70 ne, kuma na zango na biyu ma hanyar da ya ɗauka ke nan. Wai ana bin ta awannin hidimar al'umma, awa 25 ake yi kowace shekara, ita kuwa na aji 9 kaɗai ta yi. Ba ta kuma je zaman keɓewa na kwana biyu da ajinsu suka yi ba, wato fitar da makaranta ke yi da ɗalibai zuwa wani wuri don addu'a da tunani. Suka ce in ba a gyara ba, ba za ta karɓi shaidar kammalawa baɗi ba, tallafin ma yana iya tsayawa. Ga bashin wata biyu a kanmu.

Gaskiyar magana, babanta ne tun farko ya ce kada ta kuskura ta rubuta da hannunta abin da ya saɓa wa tauhidi, ta bar wurin fili. Shekara biyun farko ta tsallake da ƙyar, bana abin ya ƙi. Yanzu ya ce a cire ta kawai. Ita kuma sai kuka. Anti, suna da ikon hana ta takarda saboda darasin addinin da ba nata ba? Zan iya neman a ɗauke mata shi tunda mu Musulmi ne? Ko in bi maganar babanta?

Daga wata uwa a Bronx

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya raya mana su, ya shirya mana su.

Tambayarki ta farko amsarta gajeriya ce, ba kuma mai daɗi ba: suna da wannan ikon. Dokar da ta hana cusa addini a aji a Amurka makarantun gwamnati ta ɗaure. Tun 1962 Kotun Ƙoli ta haramta addu'ar da hukumar makarantar gwamnati ke jagoranta, shari'ar ma daga jiharku ta taso. Makarantar coci kuwa mai zaman kanta ce, abin da ke tsakaninku da ita yarjejeniya ce. Ranar da kuka yi wa yarinya rajista an miƙo muku kundin dokokin makaranta, ko an turo shi ta imel, a ƙarshensa akwai takardar da iyaye da ɗaliba ke sa wa hannu cewa sun karanta sun amince. Na san yadda muke yi da irin wannan takarda, a tsaye ake sa mata hannu a bakin ƙofa ana saurin kama jirgin ƙasa. Ki nemo kundin nan yau. A ciki akwai shafin sharuɗɗan kammalawa, kuma zan yi mamaki in ba ki tarar da addini na shekara huɗu a jerin ba, wataƙila ma shi ne a sama, kafin Turanci.

Abin da ke ruɗa mu da muka yi karatu a gida shi ne sabo da WAEC da NECO. A can yaro yana iya yin wasa da wani darasi shekara uku, ya zo ya zauna jarrabawar ƙarshe, in ya haɗa kiredit biyar har da Turanci da lissafi shi ke nan, abin da ya faɗi a sauran ba mai tambayarsa. A Amurka tarawa ake yi, darasi bayan darasi, tun daga aji 9. Darasin da aka yi shekara guda aka ci shi, an ajiye kiredit ɗaya, kuma jihar New York tana auna shi a kan minti 180 a mako tsawon shekarar karatu. Jiha tana neman guda 22: huɗu na Turanci, huɗu na tarihi da zamantakewa, uku na lissafi, uku na kimiyya, biyu na motsa jiki, ɗaya na harshen waje, ɗaya na zane ko kiɗa, rabi na kiwon lafiya, ragowar uku da rabi kuma na zaɓin ɗalibi. In kin ji maƙwabciyarki mai ɗa a makarantar gwamnati tana cewa 44, duk abu ɗaya ne, su a birnin zango-zango suke ƙirgawa.

To, wannan 22 ɗin shi ne mafi ƙanƙanta. Makarantar Katolika tana ɗora nata a kai: addini kowace shekara, awannin hidima, zaman keɓewa, sau da yawa har da ƙarin shekarun harshen waje ko na lissafi. Takardar da za a miƙa wa yarinya sunan makarantar ne a jikinta, shugabarta ce za ta sa hannu. Don haka 'yarki tana iya cika na jiha har da rara, makarantar ta ce nata bai cika ba, kuma babu ofishin gwamnati da zai tilasta mata.

Batun a ɗauke mata darasin, ki tambaya in kina so, tambaya ba laifi ba ce, amma kada ki sa rai. Kusan ɗaya cikin biyar na ɗaliban makarantun Katolika a Amurka ba 'yan Katolika ba ne, a unguwanni irin taku ma sukan fi haka. Akwai 'ya'yan wasu ɗarikun Kirista, akwai Musulmi, akwai 'yan Hindu, akwai waɗanda gidansu ba a addini. Duk suna zama a ajin nan, duk suna rubuta jarrabawar. Makarantar ba za ta buɗe wannan ƙofa ba, domin saboda darasin aka gina ta. A wajen 1840, makarantun jama'a na New York Baibul na 'yan Furotesta ake karanta wa yara, littattafan karatu ma suna yi wa 'yan Katolika shaguɓe. Bishop ɗin birnin na lokacin, John Hughes, ya yi ta fafatawa da hukuma, da bai samu yadda yake so ba sai ya juya ga gina wa mutanensa makarantunsu, mafi yawansu talakawa baƙin haure daga ƙasar Ayalan. A 1884 taron bishop-bishop na Baltimore ya umarci kowace majami'a ta Katolika a ƙasar ta buɗe makaranta. Na kawo wannan tarihi ne saboda maigidanki. Fargabar da ke ransa, kada a sauya wa 'yarsa aƙida a aji, ita ce ainihin fargabar da ta sa kakannin waɗannan mutane suka tara taro da sisi suka gina makarantar da kuka kai ta. In ya je musu da wannan magana a fili, harshen da suka sani ne.

Yanzu sai mu duba darasin kansa, don a nan matsalar take, sauran duk rassa ne.

A 2007 majalisar bishop-bishop ta Amurka ta amince da tsarin manhajar addini ga sakandare, makarantu da yawa shi suke bi ko wani abu kusa da shi. Yana da darussa shida na dole, kowanne zango guda: wahayi a cikin Baibul, wane ne Yesu a aƙidarsu, aikin da ya zo yi, coci, ibadun nan da suke kira sakaramenti, sai kuma ɗabi'a da tarbiyya. A shekarar ƙarshe akwai na zaɓi, kamar tarihin coci, adalci a zamantakewa, da dangantaka da sauran addinai. Kin ga dalilin da ya sa ta tsallake shekara biyu ta maƙale bana. A aji 9 labaran annabawa ne, Ibrahim da Musa da Dawuda da Yusuf, yarinyar da ta yi islamiyya tana da abin rubutawa ko ba ta buɗe littafi ba. A aji 11 kuwa an shiga tsakiyar aƙida, kusan kowace tambaya tana taɓa abin da babanta ya hana. In ta bar rabin takarda fili, 58 ma ta yi ƙoƙari.

Amma me ake tambayarta? Ki sa ta kawo miki takardar jarrabawar da ta wuce, ku zauna ku karanta tare. Za ki ga irin su: lissafa sakaramenti bakwai. Amsa: baftisma, tabbatarwa, jibin Ubangiji, furta zunubi gaban fada (limamin coci), shafa wa marar lafiya mai, naɗin limaman coci, da aure. Ko kuma: me cocin Katolika ke koyarwa game da gurasa da ruwan inabi a lokacin ibada? Yarinyar da ta fara amsarta da “cocin Katolika yana koyar da cewa” ta ba da labarin abin da wasu suka yarda da shi ne, ba ta yi shahada da shi ba. Alƙur'ani da kansa ya ambaci maganganun Kiristoci da na Yahudawa da na mushrikan Makka, muna karanta su a salla, malamanmu kuma sun rubuta littattafai a kan aƙidun wasu addinai, ba su rubuta ba sai da suka san su. Ni ba mai ba da fatawa ba ce, kuma ba na so maigidanki ya ce wata mata a shafin shawara ta halatta masa abin da ya haramta. Ku ɗauki takardar jarrabawar ita kanta, ba labarinta ba, ku kai wa limamin da ya yarda da shi. Ra'ayina dai shi ne akwai tazara mai faɗi tsakanin “sun ce” da “na yarda”, kuma kusan duk jarrabawar a ɓangaren “sun ce” take.

Inda aka fi samun sarƙaƙiya shi ne rubutun tunani, irin wanda malama za ta ce kowa ya rubuta shafi guda kan yadda addu'a ta taimake shi, ko yadda yake jin kusancin Yesu a rayuwarsa. Nan ne ya kamata a ce tun aji 9 an je an ga malamar. Galibin malaman addini da ke koyarwa a unguwanni masu gauraye sun saba da wannan, sukan bar ɗalibi ya amsa daga nasa addinin. 'Yarki tana iya rubuta shafi guda kan sallar asuba, ko kan Annabi Isa da mahaifiyarsa kamar yadda Suratu Maryam ta kawo, ta samu makinta cikakke. Kuma tana da madogara a cikin dokarsu. Babban taron cocin na Batikan, a wata sanarwa ta 28 ga Oktoba 1965, ya ce coci yana duban Musulmi da girmamawa, ya ambaci bautarsu ga Allah ɗaya da sallarsu da zakkarsu da azuminsu. Kundin dokokin cocin ma, a doka ta 748, ya hana a tilasta wa kowa karɓar addinin Katolika ba da son ransa ba. Wato suna da ikon cewa sai ta san abin da suke koyarwa, ba su da ikon cewa sai ta yi imani da shi. In wata malama ta tsallake wannan iyaka, da dokarsu za ki kai ƙararta wurin shugabar makaranta.

Akwai abin da nake so ki lura da shi game da yarinyar nan. Wasiƙar makaranta ta nuna ta kamar mai sakaci. Ba sakaci ta yi ba, biyayya ta yi. Shekara uku tana zaune a ɗakin jarrabawa, ta san amsa, don yarinyar da ke cin 90 a kimiyya ba za ta kasa haddace abu bakwai ba, tana kallon layin tana barin sa fili saboda babanta ya ce. Malama ta ɗauke ta raguwa ko mai taurin kai, ita kuma ba ta tona asirin gida ba. Kafin a yi komai, ki kira ta ɗaki ki faɗa mata kin san wannan, kuma ba laifinta ba ne. Kukan da take yi ba na rabuwa da ƙawaye kaɗai ba ne.

Ban kuma ce maigidanki ba shi da gaskiya ba. Yarinya 'yar shekara 14 zuwa 18 da ke jin aƙida ɗaya kusan kullum a aji, daga bakin malamai masu kirki da take ƙauna, abin a sa ido ne. Sai dai barin takarda fili ba ya toshe kunne. Duk abin da ake tsoron ta rubuta ta riga ta ji shi, ta kuma ji hujjojinsa, abin da ta rasa shi ne wanda za ta dawo gida ta tattauna da shi, tunda an nuna mata darasin ƙazanta ne da ba a kawo zancensa. Da babanta zai riƙa zama da ita ko da daren Lahadi ne, ya ce me suka koya muku wannan makon, mu kuma ga abin da muka ce a kai, da ya fi kare ta nesa ba kusa ba. In shi ba shi da lokaci ko zurfin karatun, a nema mata malama a islamiyya da za ta iya.

Sai ibadar da suke kira Mas, wadda ba ki ambata ba amma na tabbata tana cikin abin da ke damunsa. Makarantu da yawa suna yin ta ga ɗalibai duka sau ɗaya a wata ko a manyan ranakunsu, halarta kuma dole ce. Abin da ake nema ga wanda ba ɗan Katolika ba shi ne ya zauna shiru da ladabi. Idan aka zo rabon gurasa, ɗalibai sukan tashi layi-layi su nufi fada. Wanda ba ɗan cocin ba ba a ma yarda ya karɓa ba, ko dai ya yi zamansa a benci, ko ya bi layi ya harɗe hannuwa a ƙirji a sa masa albarka. 'Yarki ta yi zamanta, ba mai cewa don me. Ki tambaya tun yanzu a ina ake bikin yaye ɗalibai, domin wasu makarantun birnin a babbar majami'ar St. Patrick da ke Manhattan suke yi, kuma akan yi Mas na bankwana kafin ranar. Gara babanta ya san wannan yau da ya ji shi ana saura mako guda, an riga an ɗinka anko. Halartar biki dai daban, mallakar takarda daban, ki tambaya ko rashin zuwa yana taɓa takardar.

Awannin hidima su ne mafi sauƙi, har na ji haushi da aka bari suka taru. Ana bin ta 50, na aji 10 da na 11, baɗi kuma wasu 25. Awa biyar a rana, kwana goma a hutun bazara, ta biya bashin. Sharuɗɗan da aka saba gani su ne aikin ya zama na kyauta, a wata ƙungiya ko cibiya, ba a gida ba, kuma wanda zai sa hannu a fom kada ya zama ɗan'uwa. Renon ƙannenta ba ya shiga, taya ki aiki ba ya shiga. Rabon abinci ga mabuƙata, gidan tsofaffi, ɗakin karatu na unguwa, koya wa ƙananan yara lissafi, duk suna shiga. Makarantu da dama suna karɓar aikin da aka yi a masallaci, musamman in ciyar da mabuƙata ne, amma ta nemi amincewar mai kula da hidimar kafin ta fara, kada ta gama awa 50 a ce wurin ba ya cikin lissafi. Ta riƙa tafiya da fom ɗin a jaka, duk ranar da ta yi aiki a rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa ta zo, ƙarfe nawa ta tashi, a sa hannu a ranar. Kuma ina kyautata zaton yarinyar nan ta sha raba abincin buɗa-baki a masallacinku cikin azumi ba wanda ya rubuta. Ki tambaya ko za su karɓi wasiƙa daga shugabannin masallacin a kan abin da ya wuce. Wasu sukan karɓa, wasu ba sa karɓa.

Zaman keɓewa kuwa, in kwana a waje ne matsalar, ki faɗa musu haka kai tsaye, ki nemi na yini ɗaya ko wani aiki a madadinsa. Ba ke ce uwa ta farko da ta ƙi barin 'yarta ta kwana a waje ba.

Maganar kuɗi kada ki bar ta a ƙarshe don kunya. Yawancin waɗannan makarantu sun rubuta a kundinsu cewa mai bashi ba a sakin takardar sakamakonsa, ba a ba shi shaidar kammalawa, wani lokaci ma ba a barin sa ya zauna jarrabawar ƙarshen zango. Wannan ya shafe ku ko ta zauna ko ta tashi, domin makarantar da za ta koma ma sai ta ga sakamakon. Ki je ofishin kuɗi da ƙafarki kafin su kira ki, ki ce ga abin da za mu iya biya kowane wata, a rubuta. Ki kuma tambayi ainihin sharaɗin tallafin: faɗuwa a darasi ɗaya tana soke shi nan take, ko ana ba da zangon gwaji?

Lokaci ne ba ya gefenku, ba a fafe gora ranar tafiya. Fom ɗin neman jami'a na bai-ɗaya da ake kira Common App yana buɗewa 1 ga Agusta, masu neman gurbi da wuri sukan miƙa a farkon Nuwamba, kuma sakamakon da jami'o'i za su gani a lokacin ya tsaya ne a ƙarshen aji 11, wato wannan shekarar da muke magana. Gaskiya ne wasu jami'o'i sukan sake lissafin matsakaicin maki da manyan darussa kawai su ajiye addini gefe, amma ba duka ba, kuma 58 ɗin yana nan a takarda kowa ya gani. Mafi muni, jami'ar da ta ba yaro gurbi tana jiran takardar ƙarshe mai nuna ya kammala, in ba ta zo ba gurbin ya tashi. Don haka ki tambayi malamar da ke kula da jagorancin ɗalibai abu biyu. Na ɗaya, makin addini na shekara ake haɗawa a raba biyu, ko kowane zango da nasa kiredit? In haɗawa ake yi, 82 a zango na biyu ya fitar da ita, kuma tana iyawa. Na biyu, in sai ta maimaita, a ina? Lissafi ko Turanci ana iya maimaita su a wurare da yawa a hutun bazara, amma makarantar gwamnati ba ta koyar da sakaramenti. Sai a makarantarsu, ko wata ta Katolika, ko ta intanet in sun amince, kuma da kuɗi.

To, in aka bi maganar babanta fa? Hanya ce, ba kuma ta banza ba. Tana da haƙƙin gurbi a makarantar gwamnati kyauta har ta kai shekara 21, ta ofishin rajista da ake kira Family Welcome Center. Babu Mas, babu kuɗin wata, kuma tun shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 makarantun gwamnatin birnin suna hutun ƙaramar salla da babba. Akwai kuma makarantun Musulunci masu sakandare, irin Al-Noor a Brooklyn da Razi a Queens, in za ku iya nisan da kuɗin. Amma a yi lissafi kafin a ɗaga ƙafa. Shugaban sabuwar makarantar ne zai duba sakamakonta ya yanke abin da zai karɓa, kuma kada ki dogara da cewa shekarun addinin za su shiga. Sai jarrabawar jiha ta Regents: shaidar da aka saba bayarwa tana buƙatar cin guda biyar da maki 65, Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi, da ƙarin ɗaya, ana kuma zama a Janairu da Yuni da Agusta. Na kimiyya ma ba a barin ɗalibi ya zauna sai ya cika minti 1,200 a ɗakin gwaji da rahotanninsa. Makarantun Katolika da yawa suna yin Regents, wasu ba sa yi. In tasu tana yi, sauyin zai zo da sauƙi. In ba ta yi, yarinya tana iya tarar da jarrabawoyi a jere suna jiran ta a shekara guda. Hukumar ilimin jihar ta gabatar da shiri a Nuwamba 2024 na daina ɗaura kammalawa a kan waɗannan jarrabawoyi daga shekarar karatu ta 2027 zuwa 2028, don haka ki tambaya wace doka ce ta hau kan ajinta. Ga kuma asarar da ba a gani a takarda: wasiƙun shaida da jami'a ke nema daga malamai. Malamar kimiyyar da ta san ta shekara uku za ta rubuta abin da baƙon malami na wata biyu ba zai iya ba.

In ni ce, zan bar ta ta ƙarasa. Saura shekara ɗaya, mafi nauyin darussan aƙida sun kusa wucewa, abin da ake bin ta kuma duk mai biyuwa ne kafin Satumba. Amma da sharaɗi: sai babanta ya janye umarnin barin fili da bakinsa, a gabanta. In bayan ya ga takardun, ya ji liman, ya ga malamar, zuciyarsa ta ƙi, to a mutunta shi, a biya bashi, a bar ta ta gama wannan zangon, a sauya mata makaranta cikin hutu, ba a tsakiyar shekara ba. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a ci gaba yadda ake, tana makarantar ana biyan kuɗi, an kuma ɗaure mata hannu. Haka nan kada ki ce mata ta riƙa rubutawa a ɓoye kada baba ya sani. Ranar da ya gani, ke da ita duka kun shiga uku, kuma kin koya mata abin da ba ki so ta iya.

Yadda za ki tunkare shi, kin fi ni sanin mijinki. Ba dai lokacin da ya shigo a gajiye ba, ba kuma a gaban yara ba, kada kuma ki fara da nuna masa sa hannunsa a kundi kamar mai kama ɓarawo. Ki ce masa makaranta na son ganin uban yarinya, wanda gaskiya ne, kuma ke ba ki iya yi musu bayanin tauhidi kamar shi ba. In akwai wani babba da yake jin maganarsa, wa ko kawu ko aminin da ya daɗe a ƙasar, a sa shi ciki. Wataƙila ma a danginku akwai hajiyar da ta yi makarantar St. Louis ta Kano, wadda sistocin cocin Katolika suka buɗe tun 1948, 'ya'yan Musulmi da yawa sun bi ta cikinta. In akwai, a kira ta a waya ta faɗa masa yadda suka yi a zamaninsu, da abin da iyayensu suka tsaya a kai.

Ranar ganawar ku tafi da kundin, da wasiƙar, da takardun jarrabawar, da yarinyar. Ku faɗi gaskiyar dalilin faɗuwar, domin malamar da ta san ɗalibarta biyayya take yi za ta sauya mata kallo. Duk abin da aka amince, yawan awanni, ranar da za a kawo fom, inda za a maimaita darasi, madadin zaman keɓewa, matsayin tallafi, ki roƙa a turo miki shi a rubuce ta imel, don malamai sukan sauya wurin aiki cikin hutu, wadda za ta zo a Satumba ba ta san alƙawarin baka ba.

Kuma tunda akwai ƙanne uku a bayanta, jarrabawar TACHS ta shiga sakandaren Katolika a watan Nuwamba na aji 8 ake yin ta. Kafin ku cike wa na gaba fom, ku nemi kundin makarantar da kuke so, ku buɗe shafin sharuɗɗan kammalawa, ke da babansu ku karanta shi a zaune. Allah ya ba ta sa'a, ya daidaita tsakaninku.